Hular Wayoyi A Kan Matuƙin Jirgin Ruwa: Me Take Aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatun tuƙin jirgin ruwa, ya ce mini a wasu ƙasashe ana sa wa matuƙa wata hula mai wayoyi don a auna damuwarsu da nauyin aikin da ke kan ƙwaƙwalwarsu. Da gaske ne? Kuma za a iya sallamar mutum daga aiki saboda abin da ta nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ƙanenka ya faɗa maka, sai dai har yanzu abin ya fi ƙarfi a wajen bincike da horarwa.

Na'urar ita ce EEG, wadda ake amfani da ita a asibiti wajen gano farfaɗiya. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan awo a jikin mutum a 1924. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki suke isar wa juna saƙo, wayoyin da aka manna a fatar kai kuma su tsinto shi. Lantarkin nan yana kaɗawa ne da sauri iri-iri. Wanda ake kira alfa yana kaɗawa kamar sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, ya fi fitowa idan mutum ya natsu ya rufe ido. Wanda ake kira tita kuma sau 4 zuwa 8. Abin da masu bincike suka sha gani shi ne, idan aiki ya yi wa mutum yawa a ka, tita tana ƙaruwa ta wajen goshi, alfa kuma tana raguwa ta can bayan tsakiyar kai. Na'urar ba tunaninka take karantawa ba, balle ta san abin da ke damunka a gida.

Dalilin da ya sa aka damu da 'yan jirgin ruwa a bayyane yake. Jami'in da ke duti a ɗakin tuƙi, a ce a mashigin Singafo da dare, idonsa ɗaya na kan rada, ɗaya na kan taswirar kwamfuta, rediyo na kira, ga ƙararrawa ta ɗauka, ga ƙananan jiragen masunta suna giftawa, jirginsa kuma ba mota ba ce da za a taka burki ta tsaya nan take. Bayan awa biyu a fita fili, babu komai sai ruwa, nan kuma gyangyaɗi ne abin tsoro. Lokacin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau dutse a Alaska cikin Maris 1989, masu binciken Amurka sun lissafa gajiya da yawan aikin jami'in da ke duti cikin musabbabin haɗarin.

Kafin a fara gwada EEG, hanyar da aka fi bi wajen auna nauyin aiki ita ce a tambayi mutum bayan ya gama. Akwai takardar tambayoyi da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1988 da har yau ake aiki da ita. Amma wane matashin jami'i ne zai rubuta cewa aiki ya fi ƙarfinsa, alhali yana neman ƙarin girma? EEG ba ta jiran bakinsa, kuma tana nuna minti kaza ne nauyin ya hau. Wani bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa, mai suna Horizon, wanda aka kammala a 2012, ya sa ƙwararrun jami'ai a ɗakunan kwaikwayon tuƙi a Ingila da Suwidin da wayoyi a ka. An kama wasu suna barci a kan duti, kuma tsarin awa 6 aiki awa 6 hutu ya fi kawo jin barci a kan tsarin awa 4 aiki awa 8 hutu.

Ka lura da wurin: ɗakin kwaikwayo. A kan teku labarin daban ne. Lantarkin ƙwaƙwalwa ƙanƙane ne ƙwarai, ƙifta ido ko cije haƙora ko tauna cingam ya isa ya danne shi. Ƙara da girgizar inji, da zufa da ke ɓata mannewar wayoyi, da mutumin da ke kai-da-komo yana magana. Sannan kai ba ɗaya ba ne. Sai an fara auna kowa yana zaune lafiya lau kafin a san me ake kira hauhawa a wurinsa.

Batun damuwa ma a nan nake taka-tsantsan. Nauyin aiki daban, damuwa daban. Gogaggen kyaftin zai iya shigar da jirgi tashar Apapa kansa cike da lissafi amma hankalinsa kwance. EEG ta fi iya nuna nauyin aiki da jin barci. Don damuwa, akan haɗa da bugun zuciya, da zufar fata, da sinadarin kotisol a cikin yawu, wanda ke ƙaruwa idan mutum yana cikin damuwa.

Maganar sallama kuwa, ka kwantar da hankalinka. Yarjejeniyar STCW, wadda ke tsara horo da takardun shaidar ma'aikatan jirgi a duniya, ba ta sa wannan awo cikin sharuɗɗan aiki ba. A ganina ma zalunci ne a yanke wa mutum hukunci da shi. Amfaninsa shi ne a gano wane allo ne ke rikita mutane, wace ƙararrawa ce ta yi yawa, wane lokaci ne ya kamata a ƙaro mutum na biyu a ɗakin tuƙi, kuma malami ya ga inda ɗalibi ya fara ruɗewa.

Abin da ya kamata ƙanenka ya riƙe tun yanzu shi ne dokar hutu: aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana 7. Ya riƙa rubuta awanninsa na gaskiya a takardar hutu, ko da an nuna masa cewa a gyara lissafi ya fi sauƙi.