Amsa ga Alhaji kan jiragen sama na farko masu inji biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, barka da yamma, na saurari muryarka. Ka ce tunda jiragen fasinja na da can suna da inji biyu, ai in ɗaya ya mutu ɗayan zai ƙarasa da su, to me ya sa suke ta faɗuwa? Wallahi tambayar nan ta taɓo inda matsalar take.

Ka ga, a shekarun 1920, a yawancin masu inji biyun nan, inji ɗaya ba shi da ƙarfin da zai riƙe jirgin shi kaɗai. Biyun tare suke ɗaukar nauyin, kamar mutum biyu da suka tallabi buhu, ɗaya ya saki, ɗayan ba abin da zai iya. To ka ga inji biyun ma ƙara yawan abin da zai iya lalacewa suka yi.

Akwai jirgin Imperial Airways, kamfanin jiragen sama na Birtaniya a lokacin, sunansa City of Ottawa, ƙirar Handley Page W.10. Ranar 17 ga Yuni 1929 ya tashi daga Croydon, kusa da Landan, zai bi ta Faris. Yana tsakiyar tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, sai sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, wato ƙarafan da ke juya injin daga ciki, ta karye a injin dama. Matuƙin ya juyo zai koma gaɓar Ingila, amma jirgin sai ƙasa yake yi, a hankali a hankali, injin hagu yana ta iya ƙoƙarinsa. Bai kai ba. Ya sauka cikin ruwa a gaban Dungeness, kusa da wani jirgin kamun kifi na 'yan Beljiyam. Mutum 13 ne a ciki, 7 suka rasu, duka fasinjoji. Abin da ke sosa min rai ke nan, Alhaji, suna zaune suna kallon ruwa yana matsowa, gaɓa kuma ga ta can ana hango ta.

Kafin wannan ma, ranar 24 ga Disamba 1924, wani mai inji ɗaya, DH.34, ya faɗi a Purley jim kaɗan da tashinsa daga Croydon, mutum 8 ba wanda ya fita.

Ni a ganina laifin bai tsaya ga inji ba. Waɗanda suka ɗora mutane suka tsallaka ruwa da jirgin da suka san ba zai iya riƙe kansa da inji ɗaya ba, su ma da nasu kason.

Shi ya sa aka koma masu inji uku da huɗu. Ko jirgin da Imperial Airways ya fara kawowa Kano daga Khartum a 1936, ƙirar DH.86, inji huɗu gare shi, hanyar kuwa duk daji ne da rairayi. Na yanzu kuwa, ba a ba babban jirgi mai inji biyu izinin ɗaukar fasinja sai an tabbatar zai iya ci gaba da hawa da inji ɗaya, ko da a lokacin tashi ne ɗayan ya tsaya.

Alhaji, a gaida gida. Sai na ji ka.