Amsa ga mai neman siki na ƙaramin jirgi

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka: kun haɗa kuɗi kun sayi ƙaramin jirgin sama samfurin Piper Super Cub, kuna ajiye shi a filin jirgin da ake share dusar ƙanƙara daga kan kwalta, kana kuma son ka riƙa sauka a kan tafkuna idan sun daskare. Don haka kana neman siki, wato dogon faranti da ake ɗaura wa ƙafar jirgi don ya riƙa sulɓi a kan dusa, kuma ka ce hankalinka ya karkata ga siki zalla, wanda ake cire taya a ɗaura shi, saboda arharsa. Na sha tashi da irin jirgin nan a hunturun arewacin lardin Manitoba na Kanada, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kafin ka duba farashi, duba abin da ke ƙasa a bakin rumfar jirginka. Siki zalla ba shi da na biyu a dusa mai zurfi: ba nauyi, ba tarkace, da ka ba injin wuta jirgi ya ɗaga. Amma shi da kwalta ba sa ga maciji. Kullum sai ka ɗora jirgin a kan ƙananan tayoyi ka tura shi zuwa inda dusa take, kuma ranar da mai ya yi ƙasa, famfon mai yana can filin da aka share tas. Wanda gidansa ke bakin tafki shi wannan ya dace da shi, ba kai ba.

Kai abin da zai fishe ka shi ne sikin da taya ke leƙowa ta tsakiyarsa. Kana tashi a kwalta, ka sauka a dusa, ba ka taɓa komai ba. Illarsa ɗaya, tayar nan tana jan jirgi baya, musamman idan rana ta ɗan ɗumama dusar ta yi danƙo, sai ka ga gudun tashi ya ƙaru sosai. Akwai kuma sikin da ke haɗe da taya wanda ake ɗagawa a sauke da famfon haidurolik daga cikin jirgi. Ya haɗa amfanin biyun, sai dai tsada da nauyi, kuma a Super Cub duk kilon da ka ƙara a ƙafa, daga kayanka ko manka ka rage shi.

Kamfanoni irin su Airglas na Alaska da Aero Ski na Minnesota, duk a Amurka, sun daɗe a harkar, kuma har yau tsofaffin sikin kamfanin Federal suna yawo hannu da hannu. Lambobin da za ka gani a jikinsu, 2000 ko 2500 ko 3000, suna nuna nauyin da aka ƙera su su ɗauka, a ma'aunin fam (pound), ba kilo ba. Kowanne ka zaɓa, a tabbatar yana da takardar amincewa ta ɗaura shi a samfurin jirginka, kuma bakanike mai lasisi ne zai ɗaura. Ka tsaya a kansa ya nuna maka igiyar robar da ke ɗaga hancin siki da wayoyin da ke tare shi gaba da baya. Idan robar ta saki a sama, hancin ya sunkuya, tuƙi ya zama wani abu daban. Sanyi yana cin robar nan, ni duk shekara nake sauya tawa. Ƙasan sikin kuma a sa masa farantin roba mai tauri da ake kira UHMW, ya fi ƙarfe santsi kuma bai cika mannewa ba.

Abin da ya fi damuna da sababbin shiga shi ne ruwan da ke ɓoye tsakanin ƙanƙara da dusa. Daga sama tafki fari fat, ba ka ganin komai. Wata rana na sauka kai tsaye ina sauri, sikin ya nutse cikin caɓi, kafin in ankara ya fara daskarewa a jikinsa. Sai da na yi awanni ina haƙa, ina tattake hanya da takalmin dusa, na jira ta yi tauri, sannan na fita dab da faɗuwar rana. Tun daga ranar ba na tsayawa a sabon wuri sai na taɓa dusar da siki ina gudu, na sake tashi, na zagayo na duba sawuna. Idan sawun ya yi duhu, ruwa ne, sai in wuce.

A kan dusa ba ka da birki, don haka ka ba kanka fili mai yawa wajen tsayawa da juyawa. Idan za ka kwana, sa itace ko rassan bishiya a ƙarƙashin sikin, in ba haka ba da safe za ka tarar ya haɗe da ƙasa. Saukarka ta farko a tafki kuwa, don Allah ka yi ta da malamin da ya san aikin a kujerar baya.