Koyar da labarin iyalin Ingalls a aji

Malama, kin tambayi yadda za ki koyar wa 'yan aji shida Little House on the Prairie, littafin Laura Ingalls Wilder na 1935. Ni da taswirar Amurka nake farawa, su ga nisan da keken doki ya ci daga Wisconsin zuwa Kansas. Ki daɗe a babin haƙa rijiya, inda ake zura kyandir mai wuta cikin rami, in ya mutu an san iskar ƙasan guba ce. Yaranmu sun san rijiya, nan take hira za ta kankama.

Don Allah kada ki tsallake wannan: filin da iyalin Ingalls suka gina gidan katakonsu na ƙabilar Osage ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka. Kalaman da wasu manya suke yi a kansu cikin littafin masu zafi ne. Ki karanta su a fili, sannan ki tambayi yaran: da kai ne ɗan Osage, yaya za ka ji?