Amsa: Malami ya ce mai juna biyu ba za ta zauna jarrabawa ba

Ɗan'uwa, ka ce wani malami a makarantar da ƙanwarka take nan Kaduna ya ce ta koma gida sai ta haihu, har jarrabawa kada ta zauna. Ba shi da wannan hurumin. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, kuma ciki ai mace ce ke ɗauka. A 2019 ma kotun ECOWAS ta ce Saliyo ta saɓa doka da ta hana 'yan mata masu ciki zuwa makaranta.

Kada ta tsaya cacar baki da shi a ofis. Ta rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe, ta aika kwafi ofishin kula da harkokin ɗalibai, ta riƙe wanda aka buga wa hatimi. Maganar baki, gobe sai a ce ba a yi ba. Ta haɗa da katin awo na asibiti.

Jinkirta zango zaɓinta ne idan jiki ya yi nauyi, ba a tilasta mata. In suka yi biris, ku je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ko lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar mata lauyoyi ta duniya.