Amsa: A gyara TH350 ko a sauya ta?

Ɗan'uwa, ka ce giyar otomatik ta Chevrolet ɗinka ƙirar 1972, wato TH350, tana sulluɓewa, kana tunanin saka wata giyar otomatik mai suna 700R4. Ni dai shawarata, a gyara TH350 ɗin.

Fara sauke kaskon giyar ka duba. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna, da ɗan gari a ƙasa, kuloci ne suka cinye, gyaran ba wuya. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, ɓarnar ta yi nisa. TH350 giya uku ce mai juriya, kayanta kuma suna samuwa. In ita ce ta asali, cire ta yana rage wa motar daraja, abin da ke min ciwo ke nan.

700R4 tana da giya ta huɗu, injin zai huta a doguwar tafiya, shan mai zai ragu. Amma galibi ta fi tsayi, sai an rage farfela an matsar da mazaunin giyar. Wayar da ke haɗa ta da totur kuwa, in ba a saita daidai ba, nan da nan giyar za ta ƙone.

Ko wanne ka zaɓa, a wanke kula mai sanyaya man giyar, a sauya kwanbata mai haɗa injin da giyar.