Tururi ne ko Huci? Amsa ga Direba Mai Dakon Kayan Nukiliya

Tambaya: Malam, ni direba ne, wani lokaci nakan ɗauki akwatunan asibiti masu alamar nan mai kama da fanka mai fuka-fuki uku. A rediyo ina jin ana cewa "tururin nukiliya". To in tururi ne, ashe muddin akwati na rufe babu abin da zai same ni?

Amsa: Wannan tambaya ta taɓa ni, ɗan'uwa, don ta nuna yadda kalma guda kan sa mutum ya saki jiki inda bai kamata ba. Tururi a Hausa shi ne abin da ke tashi daga ruwan da ya tafasa. Ana ganinsa, yana jiƙa hannu, da ka kifa murfi ka tare shi. Abin da ke fitowa daga sinadari irin kobalt-60 kuwa yana ratsa katako, yana ratsa jikin mota, alhali murfi na rufe.

Ni kalmar da ta fi kwanta mini ita ce huci. Tsaya kusa da tukunyar da ke kan wuta: ba ka taɓa ta ba, ba a buɗe ta ba, amma hucinta na dukan fuskarka. Ja da baya taku uku, sai ka ji sauƙi. Haka wannan abu yake, har ma masana sun auna: in ka ninka nisanka da shi sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Inda kalmar tawa ta gaza, kuma dole in faɗa, shi ne fata na jin hucin wuta, wannan kuwa sai na'ura ke jinsa.

Shi ya sa takardar da ke manne a jikin akwatin take magana a madadin fatarka. Dubi ƙasanta, za ka ga lamba 7, rukunin waɗannan kaya ke nan cikin kayayyaki masu haɗari. Fara mai jan layi ɗaya ita ce mafi sauƙi. Mai ruwan ɗorawa da layi biyu ta fi ta, mai layi uku ta fi duka, kuma a dakon yau da kullum hucin jikin akwatinta ba zai wuce milisibat 2 a awa ba (milisibat shi ne ma'aunin wannan huci). Irin wannan akwati can ƙarshen mota ake ajiye shi, nesa da mazaunin direba. Ba a zama a kansa, ba a jingina da shi a yi barci.

Kalmar burbushi daban ce, kada a gwama ta da huci. Burbushi shi ne sinadarin kansa in akwati ya fashe ya zube, ya manne a tufa ko a hannu. Hucin akwatin da ke rufe ba ya bin ka gida, burbushi kuwa yana bi.

Tambaya: Wata mai karatu ta ce: Malam, mene ne ma'anar "tun ran gini tun ran zane"?

Amsa: Mai gini yakan yi wa bango ado tun laka na ɗanye, in ta bushe an makara. Ma'anarsa a yi abu a kan lokacinsa, tun kafin buƙata ta taso. Tunda muna kan zancen dako, ga misali. Dokokin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya mai mazauni a Biyana ta fara fitarwa a 1961 sun ɗora nauyin kariya a kan akwatin kansa, don ba wanda ya san ranar hatsari. Akwati Nau'in B, wanda ake saka kaya masu ƙarfin huci a ciki, sai an gwada samfurinsa: a sako shi daga tsayin mita 9, a saka shi cikin wuta mai zafin digiri 800 har minti 30, a nutsar da shi mita 15 cikin ruwa na awa 8.

Amma akwati ba ya tsare kansa daga ɓarawo. A watan Disamba na 2013 a Meziko, an sace wata mota ɗauke da kobalt-60 na injin maganin sankara, lokacin da direban ya tsaya hutawa a gidan mai. Da aka gano kayan bayan 'yan kwanaki, an tarar an fitar da sinadarin daga garkuwarsa an yasar a fili.