Gyaran tsohuwar makaranta: a shafe ta da siminti ko a dakata?

Tambaya: Malam, mu tsofaffin ɗalibai ne, muna son gyara makarantarmu mai shekara wajen 90 ta zama ta zamani, da kwamfutoci da intanet. Ɗan kwangila ya ce a shafe bangon da siminti, a sauko da silin, a toshe tagogin sama. Mu yarda?

Amsa: Ku dakata tukuna. Ginin da ya kai waɗannan shekaru, galibi da farar ƙasa ko laka aka ɗaure tubalinsa, kuma irin wannan bango numfashi yake yi: ya sha danshi, ya fitar. Siminti kuwa kulle danshin yake yi a ciki. Nan da 'yan damuna sai ku ga gishiri ya feso, shafen ya kumbura yana zubowa, tubali na rugurgujewa ta ciki alhali waje na ƙyalli. Da abin da aka gina shi za a yi masa faci. Kafin ma a zo nan, a duba rufi da indararo da inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, don ruwa ne ke kayar da tsohon gini, ba shekaru ba.

Tagogin sama kuma ba kwalliya ba ce. Iska mai zafi sama take tashi, ta nan take fita. In kun toshe su kuka sauko da silin, to kun ɗaura wa makarantar kuɗin na'urar sanyaya ɗaki har abada, ga kwamfutocin ma zafi suke ƙarawa.

Wayoyin lantarki da na intanet a bi da su ta cikin bututu a jikin bango, kada a fasa bangon. Bango mai kauri na rage ƙarfin intanet mara waya, saboda haka kowane aji ya samu na'urarsa. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta nemi sabon abin da aka ƙara ya dace da tsohon, amma a iya bambanta su. Ni nakan ƙara da cewa a iya kwance shi gobe, don na'ura ta fi gini saurin tsufa.

Kada lebura ya taɓa silin ko ya kankare fenti sai an gwada. Tsohon silin kan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sakawa a kayan gini, wanda ƙurarsa ke jawo sankarar huhu, har Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005. Tsohon fenti kuma kan ƙunshi dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ranar da za a cire su, kada ɗalibi ko ɗaya ya kasance a harabar.